Ungozoma Ba Za Ta Faɗo Daga Sama Ba



Kowa a cikinmu ya san wannan hanya. Idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauyukan Doguwa, kuma asibitin kusa ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai a nemi mota a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada, a fito Kwanar Dangora, sannan a kama titin Kano. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mata kusan 75,000 suka mutu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Muna zuwa jana'iza, mu yi waƙa, mu zagi gwamnati, mu koma gida. To, mu me muka yi?

Jiran a turo mana ma'aikata daga birni ya isa haka. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin tura ungozomomi asibitocin karkara. Da yawansu ba su zauna ba, saboda rashin masauki da rashin biyan alawus a kan lokaci. Ba za mu ga laifinsu ba, baƙo ai raɓa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2010 ta ba ƙasashe shawara su riƙa ɗaukar 'ya'yan karkara a makarantun lafiya, domin su ne suka fi komawa aiki a ƙauye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Makarantun kuma ba su yi nisa ba. Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Bebeji, akwai ta nas a Madobi, akwai ta ungozoma a Dambatta. Yara nawa ikkilisiyarku ta taɓa turawa? Muna da kwamitin gini, da kwamitin kayan kiɗa, da kwamitin anko. Ina kwamitin da zai tsaya a kan yarinya ɗaya har ta zama ungozoma?

Za a ce babu kuɗi. Duk wanda ya ga buhunan masara da shinkafa da ake jerawa gaban majami'a ranar godiyar kaka ya san wannan magana ba ta da ƙafa. Inda ikkilisiya ɗaya ta kasa, uku su haɗu.

Za a ce ba a ɗaukar 'ya'yanmu. Inda aka hana yaro takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma ko gurbin karatu saboda addininsa, dattawa su tashi su bi maganar a rubuce har ofishin da ya kamata. Amma mu faɗi gaskiya: ana neman kiredit biyar, wato Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Yaron da bai kawo su ba, ba wanda ya zalunce shi a bakin ƙofa, mu ne muka bar shi tun yana aji huɗu na sakandare. Kuɗin malamin da zai koya wa yara kimiyya da yamma bai kai kuɗin lasifika ba.

Za a ce yarinya aure za ta yi, ko yaro ya gudu birni. Aure ba ya goge karatu, kuma matan ƙauye, Kirista da Musulmi, sun fi sakin jiki da mace wajen awon ciki da haihuwa. Maganar gudu kuwa, a yi yarjejeniya gaban iyaye da dattawa: mun biya maka, ka yi mana shekara uku a gida.

Iyayenmu sun yi abin da ya fi wannan. Dokta Barau Dikko, likita na farko a Arewa, ɗan makarantar Wusasa ne. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, haifaffen Anchau ne, nan maƙwabtanmu. 'Yan tsirarun masu bi ne suka rene su, a lokacin da babu kwalta, babu lantarki.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin taronta na gaba. A ware kaso daga baikon kaka, a zaɓi yaro ko yarinya, Zumuntar Mata ta riƙe asusun, a karanta lissafi gaban jama'a kowace shekara. Addu'a domin marasa lafiya wajibi ce, ba za mu daina ba. Amma Basamariyen nan da muke wa'azinsa ya ɗaure raunuka, ya kuma biya mai masauki daga aljihunsa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar yi. Amin.