Gasa fata a Ingila: An hana yara, amma wa ke duba shekarunsu?

Mu nan fari ake nema da man bilicin, a Ingila kuwa kuɗi ake biya fata ta yi duhu. Akwai shaguna na musamman, mutum ya kwanta cikin wani gado mai murfi kamar akwati, fitilu su yi ta watsa masa irin hasken rana mai ƙona fata na 'yan mintuna.

A 2009 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya waɗannan gadaje a sahun farko na abubuwan da ke haddasa kansa, layi ɗaya da taba sigari. A shekarar Brazil ta haramta su. Ingila kuwa ta tsaya rabin hanya: dokar 2010 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba hawa gadon, ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomi aikin sa ido.

A nan gizo ke saƙar. Wanda aka ce ya duba katin shaidar yarinya shi ne wanda cinikinsa ke ƙaruwa idan ya kau da kai. An ba kura ajiyar nama ke nan. Jami'in hukuma ba ya kwana a shagon, sai jefi-jefi a tura matashiya ta gwada ko za a karɓi kuɗinta. Abin da ya fi ɗaure min kai, Scotland da Wales sun hana shagon da babu ma'aikaci a ciki, dokar Ingila ta 2010 ba ta hana ba. To na'urar karɓar kuɗi ce za ta tambayi shekaru?

Ostireliya ma da ƙa'idoji ta fara, bayan mutuwar Clare Oliver a 2007 tana da shekara 26, wadda ta ƙare kwanakinta tana gargaɗin matasa kan waɗannan gadaje. Daga 2015 jihohinta suka rufe sana'ar baki ɗaya. Wasu sun koma yi a ɓoye cikin gidaje, gaskiya ne. Amma aikin jami'i ya yi sauƙi: ba ruwansa da shekarun kowa, karɓar kuɗi kan gadon shi ne laifin.

Ni dai a ganina, muddin Ingila ba ta shirya bin sahun Ostireliya ba, to ta fara da rufe shagunan da ba kowa a bakin ƙofa.