Shingen lantarki na binne ba zai raba Kuki da cizon kare ba

A Kuki da sauran garuruwan yankin Dutsin-Ma da Kurfi, kare ba abin ado ba ne. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, haushinsa da tsakar dare ya zama gargaɗin farko ga magidanta da dama, ga kuma mafarauta da makiyaya da suka daɗe suna kiwonsa. Matsalar tana zuwa ne da rana, lokacin da karnukan ke yawo sakaka a juji da mahauta, suna gamuwa da yara a hanyar makaranta.

Wanda ya ci karo da tallar shingen lantarki na ƙarƙashin ƙasa a wayarsa zai ɗauka magani ya samu. Wani Ba'amurke mai suna Richard Peck ne ya ƙirƙiro shi a 1973. Ana binne waya ta kewaye gida, wata na'ura tana tura mata sigina, a ɗaura wa kare abin wuya mai batir. Idan ya matso kusa da wayar sai abin ya yi ƙara, in ya ƙi ji, wuta ta ɗan ja shi. Sai an yi makonni ana horar da shi kafin ya gane iyakarsa.

A nan dabarar ba za ta kai labari ba. Na'urar na buƙatar wuta dare da rana, kuma da an ɗauke, shinge ya tashi. Fartanya ko zaizayar damina na iya tsinka wayar ba tare da kowa ya lura ba. Karen da ya hango zomo kan daure jan wutar ya ƙetare, daga baya tsoro ya hana shi dawowa gida. Yankin Wales na Birtaniya ma ya haramta irin wannan abin wuya tun 2010 saboda azabtar da dabbobi.

Babban aibinsa shi ne na gida kaɗai yake tsarewa. Mahaukacin kare daga waje zai shigo abinsa ya ciji na gida, ya ciji yaro. Katangar laka, ko darni mai ƙyaure, ta fi shi aiki, kuma ba da dala ake sayenta ba.

Cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, da wuya a tsira. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki riga-kafi, yaɗuwarta na tsayawa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar.

Saboda haka wajibi ne sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su riƙa kai allurar har ƙauyuka, dagatai da masu unguwanni su tabbatar mai kare ya ɗaure shi da rana. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.