Wai Ba Fim Ba Ne? Martani ga Masu Kushe Fim ɗin Kumagannam

Tun da aka nuna gajeren fim ɗin nan da wani ɗalibinmu ya ɗauko a Kumagannam, ta ƙasar Yusufari a arewacin Jihar Yobe, ake ta cece-kuce tsakanin malamai da ɗalibai. Hukuncin da ya fi yawo a baki shi ne wai abin ba fim ba ne, tunda babu jarumi, babu waƙa, babu rawa, babu labarin da za a kama kansa a bi har wutsiya. Wasu ma na ganin bai cancanci a karɓe shi a matsayin aikin kammala digiri ba. Mu kam ba mu yarda ba.

Shin me yaron ya yi? Ya kafa wayarsa a wuri guda, gaban wata goruba da rairayi ya soma cinye gindinta, ya riƙa komawa wurin tun daga kaka har bazara. Bai sa kiɗa ba. Abin da kunne ke ji shi ne kukan iskar hunturu, da ƙarar guga a rijiya mai zurfi, da muryar wata tsohuwa tana lissafa gonakin da yashi ya binne, rabi da Manganci rabi da Hausa. Daga nan ya yanka, ya jera, ya wargaza, ya sake jerawa, har ya tsaya a kan abin da bai kai minti 15 ba. Zaɓen abin da za a bari da wanda za a zubar ai shi ne aikin marubuci da mawaƙi. Don me zai zama shirme idan mai kyamara ya yi shi?

Gaskiyar magana, masu sukar sun ɗauki mudun kasuwar Kano suna awon kowane fim da shi. Ba mu raina wannan masana'anta ba, domin tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, zuwa Sangaya a 1999, ta ciyar da gidaje masu yawa. Amma fim ya girme ta. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim tun 1976. A Dakar, Usman Samben ya yi Borom Sarret a 1963, labarin wuni guda na wani mai keken doki, cikin kimanin minti 20. Nan maƙwabta kuwa, a Nijar, Mustafa Alasan ya zana kwaɗi da hannunsa ya motsa su, ya yi wa shugabannin Afirka masu yawon ziyarar ƙasashe zambo a Bon Voyage Sim na 1966. Da ɗalibinmu ne shi, da ƙila mun ce masa ya koma ya sa rawa!

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mu ne fa ke shafe zango guda muna koyar da kinaya da alamci da kacici-kacici, muna yaba wa mawaƙin da ya ɓoye ma'ana har sai an tono ta. Ashe a takarda kawai muke son zurfi, a allo kuwa sai an tauna an ba mu a baki.

Akwai kuma masu cewa Manganci ya fitar da aikin daga farfajiyar Hausa. Waɗannan su je kasuwar Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe tun 1930, ko ta Gashuwa, su saurari yadda Hausa ke cuɗanya da Manganci da Badanci da Fillanci. Hausar da tsohuwar nan ta yi ita ce Hausar wurin, kuma kundayenmu ba su cika kula da ita ba.

Ba mu ce aikin ba shi da aibi ba. Iska ta danne muryar tsohuwar a wurare biyu, kuma tsakiyarsa ta yi jan rai fiye da kima. Wannan dalilin gyara ne, irin wanda muke yi wa kowane kundi da jan biro. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, 'ya'yan wannan yanki suna ƙaruwa a manyan makarantu, kowa da waya a aljihu, ga hamada na cin garuruwansu. Cibiyar koyar da fim ta ƙasa tana can Jos, ba kowa ke iya kai kansa ba.

Don haka muna kira ga kwamitin sashe da ya karɓi fim ɗin, tare da bayani a rubuce daga ɗalibin kan yadda ya tsara shi, sannan a gayyato mai jarrabawa daga waje wanda ya san aikin tace hoto ya zauna cikin masu ba da maki.