A Gindaya Sharaɗi Kafin A Ba Da Kwangilar Nunin Tarihin Haɗejiya

Duk ranar da Gwamnatin Jihar Jigawa ta ƙudurta shirya nunin kayan tarihi na ɗan lokaci a Haɗejiya, wajibi ne ta yi hattara wajen ba da kwangila. Aikin ɗan kwangila shi ne tsara rumfa da akwatunan gilashi da fitilu. Amma bayanin zamanin Sarki Buhari, da yaƙin 1906 inda Sarki Muhammadu ya kwanta dama yana fafatawa da Turawa, wannan hurumin masana ne da Majalisar Sarki.

Haka kuma, kowane takobi, sulke ko komar masunta da aka aro, a rubuta sunan mai shi da ranar mayarwa. Rumfa ana iya sake kafa wata. Kayan kakanni kuwa in sun salwanta, ba su da madadi.