SHARHI: Wa ke yi wa uwa bayanin magani a Tumfure?

Tumfure, da ke kan hanyar Bauchi a Ƙaramar Hukumar Akko, ta bunƙasa har ta haɗe da birnin Gombe. Yadda gidaje suka yawaita, haka shagunan kyamis. Idan jariri ya kwana da zazzaɓi, sau da yawa can uwa ke fara aikawa, domin zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na cin kuɗin mota da wuni guda a layi.

Da zarar an yi batun haɗarin magani ga jarirai, sai a tuna My Pikin, maganin haƙorin da ya fara kashe yara a 2008, har adadin ya kai 84, saboda gubar da aka samu a ciki. Wannan aikin NAFDAC ne. Sai dai akwai haɗarin da ba ta iya kamawa a kwalba: magani mai kyau da aka miƙa ba tare da bayani ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan chlorhexidine, maganin da ake shafa wa cibiyar jariri. An samu jarirai fiye da 40 a ƙasashen Afirka tara da aka zuba wa shi a ido bisa kuskure, wasu har sun makance. Maganin ba jabu ba ne. Mazubinsa ne ya yi kama da na maganin ido, kuma ba a tsaya an nuna wa uwa inda za ta shafa ba. Haka Fansidar, da ke kare mai juna biyu daga zazzaɓin cizon sauro: ba a shan sa a watanni ukun farko. Mai kyamis ba lallai ya tambayi watannin ciki ba, ballantana nauyin jariri kafin ya auna sirop.

Wadda ke yin waɗannan tambayoyi ita ce nas ko ungozoma, kuma su ne ke ƙaranci. A 2024 hukumar da ke yi musu rajista ta ce 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Nas ɗaya da mata masu yawa ke jira a ranar awo, bayani ne abu na farko da za ta taƙaita.

Gwamnatin Gombe ta gyara cibiyoyin lafiya a matakin farko a mazaɓun jihar. Abin da ya rage shi ne ɗaukar waɗanda Kwalejin Nas da Ungozoma ta Gombe ke yayewa, da biyan su albashin da zai zaunar da su. Masu kyamis kuwa, tunda ba rufe su za a yi ba, a wajabta musu tura mai ciki da jaririn da bai kai wata biyu ba zuwa asibiti.