A ga malami a aji kafin a ba shi lasisi

Wanda ya yi digiri a lissafi ko tarihi ko kimiyyar sinadarai, ya kuma so hukuma ta san shi a matsayin malami, sai ya sake komawa karatu. Hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta 1993, ba ta ba da lasisi a kan digirin da babu darasin malanta a cikinsa. Dole mutum ya haɗa da diflomar ilimi ta gaba da digiri, wadda kowa ke kira PGDE, sannan ya zauna jarrabawar cancanta da hukumar ta soma a 2017. Ina tare da wannan sharaɗi. Sanin lissafi daban, sa ɗan aji ɗaya na sakandare ya gane shi daban. Inda nake da ja shi ne yadda ake gudanar da kwas ɗin.

Jami'o'i na yin sa, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976. Darussan kusan iri ɗaya ne ko'ina: falsafar ilimi, tarihinsa, halayyar yara, auna fahimta, sai ɗan bincike. Ba na raina su. Amma ɗalibi zai haddace matakan girman tunanin yaro na Piaget, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya fito bai san me zai yi ba idan ya tarar da aji maƙil, rabin yaran a ƙasa, littafi ɗaya a hannun mutum biyar.

Gwajin koyarwa, wato TP, shi ne ya kamata ya zama ƙashin bayan kwas ɗin, shi kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A sakandaren da nake koyarwa muna karɓar waɗannan ɗalibai. Makonni kaɗan suke yi. Malamin da aka ba su ajinsa yakan ɗauki zuwansu hutu ne, ya miƙa alli ya tafi sabgarsa. Mai dubawa kuwa an san ranar zuwansa, don haka ran nan za ka ga kwali mai zane da darasi a tsare tsaf, har yaran an gaya musu wanda zai ɗaga hannu. Ya zauna a baya minti ashirin, ya ba da maki, ya wuce makaranta ta gaba. Ban cika ganin laifinsa ba, sau da yawa da kuɗin aljihunsa ya sha mai.

Akwai kuma abin da ba na jin ana koya wa ɗaliban PGDE sam: yadda za a warware wa yaro abu da Hausa, a dawo da shi Turancin da zai rubuta jarrabawa da shi. Kowane malami a Arewa yana yin wannan kullum, amma kowa da kansa ya laluɓo hanya.

Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, makarantar horar da malamai ce, kuma dukansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Ɓalewa ma har Landan ya je a 1945 ya ƙaro ilimin koyarwa, bayan ya daɗe a aji a Bauchi. Ya tafi da tambayoyin da aji ya haifar masa. Ɗaliban yau ana ba su amsa tun ba su gamu da tambayar ba.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, 21,780 suka gaza samun makin da aka gindaya, aka sallame su. Ba don rashin takarda aka sallame su ba. Ita ma jarrabawar TRCN a kwamfuta ake yin ta, ana zaɓen amsa, kuma kwamfuta ba ta ganin yadda mutum ke tsayawa gaban yara.

Shawarata ita ce a ba TP zango guda cur. A haɗa kowane ɗalibi da gogaggen malami, a biya malamin alawus, ya zauna a ajin ya riƙa gyara masa. Mai dubawa ya riƙa zuwa ba sanarwa. TRCN kuma ta nemi rahoton wannan malami kafin ta buga wa kowa lasisi.