Kuloci ya saki, sai a ce a sauke giyabos?

1/ Kanikawan yankinmu da direbobin haya na layin Achilafiya, Kazaure zuwa Kano, yau da ku nake. Wannan ɗabi'a ta "kuloci ya saki, a sauke giyabos" tun ba a leƙa ko'ina ba, cin kuɗin talaka ce. Wanda zai ji haushi ya ji, amma ya karanta zaren tukuna.

2/ Cuta biyu ce ake cakuɗawa. Idan faifan kuloci ne ya cinye, alamarsa sulɓi: kana giya 4 ka ba ta wuta, inji na ihu, mota ba ta ƙara gudu ba, ga ƙauri. Feda kuwa da ƙarfinta, sai dai ba ta kamawa sai can sama.

3/ Amma feda ta yi laƙwas, ko ta nutse ƙasa ta ƙi dawowa, giya ta ƙi shiga, ribas na gurnani? Wannan galibi ƙarfin ƙafarka ne ba ya isa inda aka aike shi. Matsalar tana kan hanya, tsakanin ƙafa da giyabos. To me ya sa za a fara daga ƙarshen hanyar?

4/ Daga ƙafa ake farawa. Durƙusa, haska ƙarƙashin sitiyari da fitilar waya, girgiza fedar da hannu. Idan tana lilo hagu da dama, bushin ɗin da take juyawa a kai ne ya ci. Duba fin ɗin da ya haɗa ta da sanda, duba sifirin. Minti biyar ne.

5/ Sai ka san irin motarka. Golf 2 da yawancin Golf 3 ɗin da suka cika tashoshinmu waya ce ke jan kulocinsu. Waya tana miƙewa, silinta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma na Golf 3 akwai abin da ke saita kansa a jiki, yakan maƙale. Waya ake canzawa, a waje take.

6/ Golf 4, Sharon da Hiace kuwa da mai suke aiki, man birki. Masta na sama yana bayan feda, shi ke tura man. Na ƙasa yana jikin giyabos, shi ke tura kulocin. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Iska ta shiga layin, ƙafarka iska take dannawa. Shi ke nan fa laƙwas ɗin.

7/ Gwajin ba ya cin ko sisi. Buɗe bonet, duba kofin mai. Taka fedar da sauri sau biyar ko shida: idan ƙarfi ya dawo, iska ce ko robar masta. Shafa bayan feda, in ka ji danshi har kan kafet, na sama ne ke yoyo. In danshin a jikin giyabos yake, na ƙasa ne.

8/ Wani ma: a fili inda ba kowa a gaba, sa giya 1, danne kuloci ka riƙe. Idan bayan ɗan lokaci mota ta fara rarrafe alhali ƙafarka na ƙasa, robar masta na sama ce ke barin mai ya koma baya. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya ba, a ciki yake zuba.

9/ Na san za a ce ai wani lokaci dole a sauke. E, gaskiya ne. Akwai motocin da masta na ƙasa yake cikin giyabos ɗin. Akwai karyewar ƙarfen da ke tura kuloci. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan an duba na waje an ga lafiya. Likita ba ya fara yanka ciki kafin ya tambayi abin da aka ci.

10/ Dalilin gaggawar kowa ya sani: kuɗin aikin sauke giyabos ba ɗaya yake da na fitar da iska ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kaya suka yi tsada. Mutum ya ci bashi, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo faifai, mota ta kwana biyu a gareji, a ɗaura, feda na nan yadda take. Sai a ce "kayan ne jabu".

11/ Direbobi, ku ma ba ku tsira ba. Ku ne sarakan "a lallaɓa". Ana famfon feda kafin kowace giya, ana ɗago ta da ɗan yatsan ƙafa, wani har ya ɗaure ta da robar tayar babur. Ga mutum huɗu a baya, biyu a gaba, but cike da buhuna ranar kasuwa.

12/ Ga abin da ya fi ba ni tsoro. A motoci irin su Golf 4, kofi ɗaya kuloci da birki suke sha. An sa bututun kuloci a sama da na birki, don in mai ya ragu kuloci ya fara mutuwa. Wato fedar da ta saki tana iya zama gargaɗi ne cewa birki ke yoyo. Kai kuma kana famfo kana tafiya Daura.

13/ Masu zuba ruwan omo ko baƙin mai a kofin nan kuma, don Allah ku ji tsoron Allah. Baƙin mai kumbura robobin yake, ruwa kuwa tsatsa yake kawowa, ya tafasa in birki ya yi zafi. Murfin kofin an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Shi kansa man kirkin yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu.

14/ "Kai ɗan makaranta, ka taɓa riƙe sifana?" Malam, ka fi ni hannu nesa ba kusa ba, ban ja ba. Amma ba hannunka nake tuhuma ba, jerin aikin nake tuhuma. Tsofaffin kanikawan Kazaure na kirki ai sai sun shiga sun taka fedar da ƙafarsu kafin su buɗe baki.

15/ Mai mota, in an ce a sauke, yi tambaya uku: an duba waya ko mai? An fitar da iska? Ina yoyon yake, nuna min. In an canza wani abu, karɓi tsohon a hannunka. Fasinja kuma, in ka ga direba na famfon kuloci tun daga tasha, ka ce ya buɗe bonet a duba kofin kafin a kama hanya.